Tambaya da Amsa: Fiffiken Allon Hawan Igiyar Ruwa, Sawa da Cirewa da Kula da Shi

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk a kan abu guda suke: ƴan fikafikan nan da ke ƙarƙashin wutsiyar allon hawan igiyar ruwa, waɗanda masu wasan ke ce wa "fin". Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli wasan hawan igiyar ruwa a gasar Olamfik ta 2024, sai na ga wasu abubuwa kamar ƙayar bayan kifi a ƙarƙashin allon. Mene ne amfaninsu? Kuma da gaske ne ana cire su a mayar? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani shi ne sitiyarin allon. Idan babu fiffike, da zarar mai hawa ya karkata zai juya, sai wutsiya ta zame gefe kamar babur a kan taɓo. Fiffike ne ke kama ruwa ya hana wannan zamewa, shi ne kuma ke mai da ƙarfin da aka danna da ƙafar baya ya zama gudu.

Mutanen Hawai sun daɗe suna hawa alluna marasa fiffike, suna jan ƙafa ɗaya cikin ruwa idan za su juya. A 1935 ne wani Ba'amurke, Tom Blake, ya ciro ƙarfen ƙarƙashin wani tsohon jirgin ruwa ya ɗaura wa allonsa a bakin tekun Waikiki da ke Hawai. Daga nan aka yi zamanin fiffike ɗaya, aka zo na biyu, wanda Mark Richards na Ostareliya ya ci kambun duniya da shi sau huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982. A 1980 wani ɗan ƙasarsu, Simon Anderson, ya fito da tsarin uku masu kusan girma ɗaya, biyu a gefe ɗaya a tsakiya ta baya. Yawancin allunan da ka gani a wancan wasa, wanda aka yi a tsibirin Tahiti, wannan tsari ne da su.

A da, manne fiffike ake yi da jikin allo da faiba da gam, ba ya fita sai dai ya karye. Yanzu akasari ana binne wa allon ɗan gida na roba mai tauri, fiffiken ya shiga ciki, a ɗaure shi da ƙaramin noti ko ya kama kansa. Saboda haka e, ana cirewa, kuma sauran tambayoyin da ke ƙasa duk daga nan suka taso.

Tambaya: Ina aiki a wurin da ake ba baƙi hayar alluna a bakin teku a Tarkwa Bay. Allunanmu na hannu ne, kowanne da irin raminsa. Wani fiffiken ya shiga wannan ya ƙi shiga wancan. Yaya zan bambanta su, kuma yaya ake sawa daidai? (Mai karatu daga Legas)

Amsa: Ɗan'uwa, kifa allon a kan tawul ko yashi mai laushi ka dubi ramukan. Iri huɗu ne za ka fi cin karo da su.

Idan ka ga ƴan ramuka biyu, kowanne cikin wani zagaye kamar kwabo, wannan tsohon tsarin FCS ne, na kamfanin Ostareliya da ya bazu tun shekarun 1990. Fiffikensa ƙafa biyu gare shi. Ka fara sassauta notunan har sai bakinsu ya daina leƙowa cikin ramin, domin idan ka tura fiffike a kan notin da bai koma ba, ƙafar za ta sami rauni. Ka sa fiffiken ya zauna daram, babu tazara tsakanin gindinsa da jikin allo, sannan ka ɗaure noti biyun kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. A fikafikan gefe notunan biyu ta ciki suke, wato ɓangaren da ke kallon tsakiyar allo. A na tsakiya kuwa ɗaya ta dama ɗaya ta hagu.

Idan gidan guda ɗaya ne mai siffar gyaɗa, da ramuka biyu dogaye a ciki, FCS II ke nan, wanda ya fito a 2013. Ba ya bukatar noti. Ƙafar gaba tana da ɗan ƙugiya: ka sa ta ta shige ƙarƙashin leɓen gaba, sannan ka danna bayan fiffiken da tafin hannu har ka ji ya ce ƙas. Wajen cirewa, ka naɗa tawul a hannu, ka riƙe allon da ɗaya hannun kusa da gidan, ka ɗago bayan fiffiken sama kana tura shi wajen hancin allo. Kada ka yi haka da hannu tsirara. Bakin baya na fiffike yana tsaga tafi kamar reza. Tsohon fiffike mai ƙafa biyu yana shiga gidan FCS II idan an sa masa noti, har akwai ƴan robobi da ake sayarwa don cike gurbin da ya rage. Amma fiffiken FCS II ba ya shiga tsohon gida, kada ka wahalar da kanka.

Idan rami ɗaya ne dogo siriri da noti ɗaya ta gaba, tsarin Futures ne, na wani kamfanin Kalifoniya ta Amurka, tun 1996. Gindin fiffikensa doguwar ƙafa ce guda, da ɗan tsagi a baya. Ka fara sa bayan, tsagin ya kama ɗan sandan da ke ƙarshen ramin, sannan ka kwantar da gaban ka ɗaure. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa: ramukan gefe sun fi zurfi, kashi uku cikin huɗu na inci, na tsakiya kuwa rabin inci ne. Idan ka ga fiffike ya ƙi nutsewa a tsakiya, ba ramin ne ya toshe ba, na gefe ka ɗauko. Futures da FCS ba sa shiga gidan juna ko kaɗan.

Na huɗu shi ne doguwar kwata ta tsakiya da ke kan dogayen alluna. Za mu yi bayaninta a amsar ƴar'uwarmu ta Durban.

Sai batun dama da hagu, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa a wuraren haya. Shafa fiffiken da yatsa. Na tsakiya ɓangarorinsa biyu iri ɗaya ne, duka a kumbure. Na gefe kuwa ɓangare ɗaya a shafe yake, ɗaya a kumbure. Shafaffen shi ke kallon tsakiyar allo, kumburarren ya kalli waje. Idan an sa daidai, ka tsaya ta baya ka duba, za ka ga kawunansu sun ɗan buɗe waje. Kuma kullum lanƙwasar tana komawa wajen wutsiya ne. Wanda aka juya masa su zai shiga ruwa ya ji allon yana ja masa baya yana ƙin juyawa, ya fito yana zargin kansa alhali ba laifinsa ba ne.

Tunda allunan haya ne, ka sa wa kowane saiti alama da fenti a gindi, ka riƙa ajiye shi cikin jakarsa daban.

Tambaya: Na sayi allo na hannu a Busua. Noti ɗaya ya ƙi kwancewa, alankin sai juyawa yake yi a banza cikin kan notin. Abokina ya ce in fasa da guduma da ƙusa. Me kuka gani? (Mai karatu daga Takoradi, Gana)

Amsa: Ka ajiye gudumar nan, don Allah. Notin da kake faɗa da shi ba shi da tsada, amma gidan da yake ciki an binne shi ne a cikin soson allo, wato abu mara nauyi da ke cike cikinsa a ƙarƙashin fatar faiba, kuma duka ɗaya na iya tsaga abin da ke riƙe da shi. Gyaran gida aikin gwani ne na kwanaki.

Bari mu fara da dalilin da ya sa haka ke faruwa, domin kusan kullum ɗaya ne daga abu uku. Na farko, alankin da ba nasa ba, wato ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida da ake sawa cikin kan noti a juya shi. Notunan FCS da na Futures duka da ma'aunin inci aka yi su, ramin kansu 3/32 na inci ne, wato kusan milimita 2.4. Alankin da ake samu a kasuwanninmu yawanci na milimita ne. Mai lamba 2 yana shiga, yana ma kamawa sau ɗaya ko biyu, amma yana lilo a ciki, kuma kowane juyi yana cinye kusurwoyi shidan nan har ramin ya zama zagaye. Na biyu, yashi da gishiri da kakin da ake shafa wa allo suna cika ramin, sai alanki ya shiga rabi kawai, ya cinye bakin. Na uku, ɗaurin ƙarfi. Mutane suna murɗa notin kamar na tayar mota. Aikinsa kawai ya tokare ƙafar fiffike. Da ka ji ya taɓa ta, ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu na juyi da yatsu biyu, ka tsaya. Abin da ya wuce haka yana cinye kan notin, ko ya cinye haƙoran robar gidan, wanda ya fi muni.

Yanzu ga yadda za ka bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma kada ka tsallake na farko don kana ganin ya yi sauƙi da yawa. Ɗauki allura ko tsinken sakace ka ƙwaƙule ramin kan notin har ka ga ƙasansa. Zuba ruwan ɗumi mai daɗi, ba tafasasshe ba, ka bar shi ya narkar da gishiri, ka maimaita sau biyu ko uku. Idan ya bushe ka ɗiga man nan na fesawa da makanikai ke sassauta noti mai tsatsa da shi, ɗigo ɗaya ko biyu, ka ba shi dare guda. Sannan ka gwada da sabon alanki na ainihi mai kaifin baki. Tsohon alanki ma bakinsa na cinyewa, kuma sau da yawa shi ne mai laifin. Ka danna shi ciki sosai da babban yatsa, ka bi kwanar da notin ya shiga da ita, domin a karkace yake ba a miƙe ba, sannan ka juya a hankali. Yana taimakawa wani ya riƙa girgiza fiffiken kaɗan a lokacin, don nauyin da ke kan notin ya ragu.

Idan ya ƙi, nan ne alanki mai lamba 2.5 ke da amfani: ya ɗan fi ramin asali girma, don haka yakan kama a ramin da ya riga ya buɗe. Kan sukundireba mai siffar tauraro shi ma yana yi, haƙoransa suna cizon ƙarfen. Ka tura shi da hannu, ko ka ɗan ƙwanƙwasa da marikin sukundireba, ba da guduma ba. Wata dabarar ita ce ka ɗiga sufa gulu kaɗan a bakin alankin da ba ka damu da shi ba, ka sa shi cikin notin, ka bari ya bushe sarai, sannan ka juya. A nan sai da hattara: idan gam ɗin ya malala ya sauka kan haƙoran, ka manne notin da gidan har abada. Ɗigon da bai kai kan ashana ba ya isa.

Idan duk wannan bai yi ba, akwai ƙarfen cire noti mai haƙoran hagu, wanda ke ƙara nutsewa yayin da kake kwancewa. Idan ba ka taɓa aiki da shi ba, kai wa mai gyaran alluna, kada ka koya a kan allonka.

Da notin ya fito, jefar da shi. Sabon ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin noti na gama-gari ba ya jure ruwan teku. Ka lura na Futures ya fi na FCS tsayi. Ka shafa wa haƙoransa ɗan giris ko basilin kafin ka sa. Daga yau kuma, bayan kowace fita ka ɗauraye wutsiyar allo da ruwan daɗi, sannan duk bayan mako biyu ko uku ka cire fikafikan gaba ɗaya ka wanke ramukan da tsohon buroshin haƙori. Notin da ake motsa shi a kai a kai ba ya kafewa. Wanda ya shekara ba a taɓa shi ba shi ke kawo irin wasiƙarka.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, na fara koyo da dogon allo mai ƙafa 9. Fiffiken tsakiya yana girgiɗi a cikin raminsa, kuma ban san inda ya kamata in tsayar da shi ba, gaba ko baya. Sannan ina son sayen gajeren allo nan gaba, wane girman fiffike zan nema? Nauyina kilo 60. (Mai karatu daga Durban, Afirka ta Kudu)

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Doguwar kwatar da ke allonki an yi ta ne don fiffiken ya iya matsawa gaba da baya. A ƙasanta akwai ƴar hanya ta kowane gefe, da wata ƙofa mai faɗi a tsakiya. Kayan aikin uku ne: fiffiken, wanda ke da ɗan sandan ƙarfe a gicciye a ƙarshe ɗaya na gindinsa, yawanci ta baya, ɗan faifan ƙarfe mai kusurwa huɗu da rami a tsakiya, sai noti. Ki fara zura faifan ta ƙofar, ki tura shi gaba da bakin sukundireba. Ki sa sandan fiffiken ta wannan ƙofa, ki ja shi baya, ki kwantar da gaban. Ki daidaita ramin fiffiken da na faifan, ki ɗaure. Idan faifan yana ba ki wahala, ki ɗaura notin a jikinsa tukuna ki yi amfani da shi kamar mariƙi, in ya kai inda kike so sai ki kwance. Ki sayi faifai da noti na ajiya, domin idan suka faɗa cikin yashi an yi sallama da su.

Girgiɗin yana nufin gindin fiffiken ya fi kwatar siranta, abin da ke faruwa saboda kamfanoni daban-daban ne ke yin su. Ƙara ɗaure noti ba ya maganinsa, sai dai ya tsaga leɓen fiffiken inda notin ya ratsa. Ki manna tef na masu gyaran wuta a gefen gindin, falle ɗaya kowane ɓangare, ki gwada, ki ƙara idan bai isa ba, har sai ya shiga da ɗan matsi. Idan kuma akasin haka ne, ya yi kauri ya ƙi shiga, gindin fiffiken ake gogewa da samfefa kaɗan-kaɗan. Ba a taɓa kwatar.

Wurin tsayawa: idan ya matsa baya, allon ya fi natsuwa da tafiya a miƙe, amma juyawa na ƙara nauyi. Idan ya matsa gaba, juyawa na sauƙi, amma wutsiya na iya zamewa a igiya mai ƙarfi. Mai koyo ta fara daga tsakiya ko ɗan baya kaɗan. In za ki canza, rabin inci a lokaci guda, ki yi fita biyu ko uku da shi kafin ki yanke hukunci. Tsayinsa kuwa, ƙa'idar da aka saba ita ce inci ɗaya ga kowace ƙafa ta allo, wato kusan inci 9 a naki. Idan akwai ƙananan fikafikai biyu a gefe, sai a rage na tsakiya zuwa wajen inci 7.

A gajeren allo da nauyin mai hawa ake aunawa. A jadawalin FCS, ƙarami na masu kilo 55 zuwa 70 ne, matsakaici 65 zuwa 80, babba 75 zuwa 90. Ƙarami ne naki. Shawararmu kada ki kashe kuɗi a kan masu tsada na kabon yanzu. Na roba mai haɗin faiba ya ishe ki, yana da ɗan lanƙwasa, kuma idan ya bugi ƙasa yakan karye shi kaɗai ya bar gidan lafiya.

Tambaya: Fiffikena ya bugi dutse. Bai karye ba, amma na ga ɗan tsagi a kewayen gidansa. Zan iya ci gaba da shiga ruwa? (Mai karatu daga Dakar)

Amsa: A'a, sai ka bincika. Riƙe fiffiken ka motsa shi dama da hagu kana kallon gidan. Idan fiffiken kaɗai ke motsi, da sauƙi. Idan gidan ma yana motsi, ko ka ga ruwa yana tsattsafowa daga tsagin, ko wurin ya yi laushi in ka danna da babban yatsa, to fatar faiba ta buɗe kuma soson ciki yana shan ruwa. Ci gaba da hawa zai sa wata igiyar ta fizge gidan gaba ɗaya ta bar maka rami.

Cire fiffiken, ɗauraye da ruwan daɗi, ka jingine allon a inuwa mai iska da wutsiyar a ƙasa, kwana uku zuwa mako guda. Kada ka shanya shi a rana don ya yi saurin bushewa, zafi yana ɗaga fatar daga jikin soso. Wanda ya rufe tsagi a kan jiƙaƙƙen soso ya kulle ruwan a ciki ne kawai.

Kafin ka sa kowane gam, ka san irin allonka. Akwai mai soson foliyuritan, wanda ake rufewa da gam ɗin foliyesta, akwai mai farin soso irin na kwalin sabon firji, wanda ake rufewa da ifoksi. Foliyesta yana narkar da wannan farin soso nan take. Ifoksi kuwa yana zama lafiya a kan duka biyun, don haka in kana shakka shi za ka ɗauka. Ƙaramin tsagi na sama za ka iya gogewa da samfefa ka cike da kanka. Gidan da ya motsa dole a ciro shi a sake binnewa bisa kwanarsa ta asali, wannan na mai gyara ne.

Tambaya: Allona yana wata ƙara kamar busa idan na yi gudu, kuma fiffiken ya taɓa yanka mini ƙafa. (Mai karatu daga Legas)

Amsa: Ƙarar daga bakin baya take. Idan bakin ya yi faɗi ko yana da ɗan tudu da ya rage daga maƙera, ruwan da ke barinsa ta ɓangarorin biyu yana kaɗa shi. Samu samfefa mai laushi, lamba 320 ko 400, ka jiƙa ta, ka shafi bakin ta ɓangare ɗaya a karkace sau biyar ko shida, ka gwada a ruwa. Da wannan samfefar za ka kashe kaifin da ya yanke ka, ka bi kan fiffiken da duk inda dutse ya ɓantare, har sai yatsa ya wuce bai ji kaifi ba. Wannan ba ya rage wa allo gudun da za ka lura da shi. Allon yara da na masu koyo kuwa, a nema musu fikafikai masu bakin roba mai taushi.

Tambaya: Zan hau jirgin sama da allona. In bar fikafikan a jiki? (Mai karatu daga Akra)

Amsa: Cire su duka. Idan aka ɗora kaya a kan jakar, fiffiken da ke tsaye shi zai ɓalle gidan daga ciki. Mai da notunan cikin ramukansu har su yi daidai da fatar allo, don kada su ɓata ko su karci wani abu. Naɗe fikafikan cikin tawul, ka sa su a aljihun jakar ta yadda ba za su dannu a jikin allon ba, tare da alanki biyu da noti huɗu ko biyar na ajiya. In ka sauka, kafin ka bar filin jirgin ka buɗe jakar ka duba wutsiya da kewayen gidajen, domin idan akwai ɓarna a nan ne ake shigar da ƙorafi.